Hancin Ƙarfe a Shataletalen Dangi

Ran Litinin na ɗaura ta fara sol,
takardar tacewa, ba ta kai tafin hannu ba,
cikin akwatin ƙarfe a kan turke.
Ran Alhamis na hau tsani na zaro ta,
ta koma launin gindin tukunya.

Babu wanda ya taɓa ta.
Iska ce kawai ta ratsa ta,
wannan dai da muke zuƙa kyauta.

Ilu mai faci ya ɗago kai daga taya:
"Malama, wai kyamarar 'yan haraji ce?"
Na ce a'a, hanci ne.
"Hancin hukuma?" Ya kwashe da dariya
har tari ya karɓe ta daga bakinsa,
ya tofar da baƙin kaki a kwata.
"To in hanci ne, me ya hana shi atishawa?"

Yanzu na iya karanta baƙin nan
kamar yadda tsohuwa ke karanta hadari.
Ga adaidaita sahu da ya sha gaurayen mai,
ga tirelar da ta kwana tana gurnani,
ga janaretocin kasuwar waya
da suke yini suna musu da juna,
ga tayar da aka cinna don babbakar ganda,
ga bolar bayan makaranta,
leda da katifa da batir,
tana ci a hankali tun Asabar.
Har da wani ɗaci da ban san sunansa ba
wanda ke tasowa ta wajen Sharaɗa
sai dare ya raba, sai ido ya rufe.

A ɗakin gwaji ina da sikeli
da ke jin nauyin gashin ido.
In auna, in rubuta, in ja layi da jan biro.
Malam Barau masinja ya rungumi fayil,
ya hau bene da shi, ya dawo hannu biyu.
Can sama akwai fanka mai kyau,
lambobina suna barci a ƙarƙashinta.

Da dare ƙirjin Sahura yana busa sarewa.
Shekararta shida.
Ta san girgiza abin shaƙarta
kafin ta iya ɗaurin zani.
Aka ɗauke wuta, ɗaki ya zama tanda,
na fita tsakar gida na ja igiya
sau ɗaya, sau biyu, sau uku,
nawa janareton ya amsa,
ya tura hayaƙinsa ta katanga
gidan Tasallah mai jego.
Laifi tudu ne.
Na tsaya a kan nawa, fanka na juyawa,
ina lissafin nawa na ƙara wa takardar gobe.

Da na gaji da jiran bene
sai na sayi alli na naira hamsin.
Kullum safiya, a jikin turken,
ina rubuta lambar jiya da manyan baƙaƙe,
a gefe kuma wadda huhu ke iya ɗauka.
Wani ya ɗauka farashin fetur ne.
Wata malamar firamare ta kwafa a tafinta,
bayan sati biyu bolar ta daina ci.
Bola ɗaya, cikin dubu nawa?
Ban sani ba. Sikeli dai bai ce komai ba tukuna.

Amma Ilu ya daina ce mini ina kwana.
"Yau nawa?" ita ce gaisuwarsa.
In ta hau, ya ja tsaki ya harari titi.
In ta sauka ko da biyu ne,
ya murmusa kamar shi ya sauke ta.
Ya cika tsohuwar taya da ƙasa,
ya dasa darbejiya tsawon cinya,
yana ba ta ruwan gwajin tiyub.

Yau ma Litinin.
Na hau tsani da sabuwa fara a aljihu.
Ina ɗaura ta ina riƙe numfashi,
har sai da na kasa.